LEƘEN WAJE: Kaboyin da ya ajiye bindiga ya kama barkwanci

IDAN aka ce fim ɗin kaboyi, abin da ke faɗo wa yawancin matasa a rai shi ne wani dogon Bature mai ƙatuwar malafa, ya ɗaure fuska tamau kamar wanda aka aiko wa da saƙon mutuwa, ga libarba a ƙugu, ga doki yana haki. Ba ya dariya, ba ya yawan magana. Da bos ya motsa hannu sai ka ji tau! An wuce wurin. Wasu kuma da jin sunan sai su taɓe baki, su ce ai wannan kallon tsofaffi ne, na zamanin da iyayensu ke bin layin tikiti a Plaza da Wapa da Orion.

To amma akwai wani ɓangare na finafinan kaboyi da ba a cika ba da labarinsa ba, wato na barkwanci. Finafinai ne da aka shirya da doki da hamada da bindiga kamar sauran, sai dai maimakon su kambama jarumi, sun mai da shi abin dariya. A cikinsu akwai wanda ya samo wa ɗan wasansa lambar Oscar, akwai wanda ya girgiza kasuwar silima a Italiya, akwai kuma wanda ya faɗa wa Amurka gaskiyar da ba ta son ji a kan wariyar launin fata. Duk matashin da ke ganin barkwanci shirme ne, ko yake ganin tsohon fim ba shi da abin koya masa, wannan fili na wannan wata nasa ne.

WANE NE KABOYI NA GASKIYA?

Kafin a gane abin da ake yi wa dariya, sai an san abin da aka ɓoye. Kaboyi na ainihi makiyayi ne ɗan ƙwadago. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, an riƙa ɗaukar samari haya su kora dubban shanu daga jihar Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na jihar Kansas, irin su Abilene da Dodge City. Aiki ne na ƙura da rana da ƙaramin albashi. Masana tarihi da dama sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan makiyaya baƙar fata ne, ga kuma ɗimbin 'yan asalin Meziko. Garuruwa da yawa ma doka suka kafa cewa duk wanda ya shigo sai ya ajiye bindigarsa. Shahararren artabun nan na garin Tombstone a 1881, wanda aka yi finafinai barkatai a kansa, bai wuce daƙiƙa 30 ba, kuma mutum uku ne suka mutu.

Holiwud ce ta ɗauki wannan makiyayi ta wanke shi tas, ta mai da shi gwarzon da harsashinsa ba ya kuskure, hularsa ba ta faɗuwa. Masu barkwanci kuwa suka ce ba su yarda ba. Abin mamakin shi ne, sau da yawa su ne suka fi kusa da gaskiya.

TUN FIM BAI IYA MAGANA BA

A 1925 Buster Keaton, ɗan wasan nan da ko kusa ba ya murmushi a fim, ya fito da "Go West". Ya fito a matsayin wani talaka marar kowa da ya samu aiki a gandun shanu alhali ko tatsar nono bai iya ba. A duk gandun babu mai kula shi sai wata saniya da ya cire wa tsakuwa a kofato, ta riƙa bin sa duk inda ya sa ƙafa. Da aka loda shanun za a kai su mahauta, sai gogan naka ya bi jirgin don ya ceci abokiyarsa, ya ƙare da kora garke guda a tsakiyar titunan Los Angeles, shanu na shiga kantuna da shagon aski. A ƙarshe mai gandun ya ce ya zaɓi duk abin da yake so a matsayin tukwici. Keaton ya nuna bayansa ya ce ita yake so. Kowa ya ɗauka 'yar mai gidan yake nufi. Ashe saniyar ce!

Babu magana a fim ɗin, don haka ba ya buƙatar fassara. Ɗan shekara bakwai da kakarsa za su zauna su fahimce shi tare. Kuma tun 2021 haƙƙin mallakarsa ya ƙare a Amurka, ana samun sa kyauta a intanet.

A 1937, shekarar da aka buɗe silimar Rex a Kano, Stan Laurel da Oliver Hardy suka saki "Way Out West". Siriri da ƙato, wawa da mai ganin kansa wayayye. An ba su amanar takardar mallakar wata mahaƙar zinare su kai wa wata marainiya mai suna Mary, mai wanke-wanke a wata mashaya. Tun kafin a tambaye su Stan ya fasa ƙwai, ya gaya wa mai mashayar abin da ke tafe da su. Shi kuwa ya gabatar da matarsa a matsayin marainiyar, suka karɓe takarda. Sauran fim ɗin duk fafutikar ƙwato takardar ce.

Abin lura a nan shi ne haƙuri. Dubi sin ɗin da matar ta rutsa Stan a ɗaki tana yi masa cakulkuli don ya saki takardar: kyamara ta tsaya a kansa yana ƙyaƙyatawa har mai kallo ya kamu da dariyar ba tare da ya shirya ba. Dubi kuma ramin da ke cikin rafi, wanda duk lokacin da za su tsallaka sai Hardy ya nutse a ciki. An nuna shi da farko, an maimaita, aka kuma rufe fim da shi. Wannan shi ake kira shuka dariya: a dasa abu da wuri, a bar shi ya nuna, sannan a girbe. Wata waƙa da suka rera a fim ɗin ma sai da ta kai matsayi na 2 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Ingila a 1975, bayan su duka biyun sun mutu.

JAMI'IN TSARON DA KE SHAN MADARA

"Destry Rides Again" na 1939 shi ne uban tafiyar. Garin Bottleneck na hannun wani ɗan caca mai suna Kent. Ya kashe sherif, wato shugaban masu tsaron gari, ya sa aka naɗa babban mashayin garin a gurbinsa don raini. Mashayin nan sai ya tuba da kwalba, ya aika a kira masa Tom Destry, ɗan wani tsohon gwarzo, ya zama mataimakinsa. Gari ya fito tarar namijin duniya. Da keken doki ya tsaya, sai ga James Stewart ya sauko riƙe da lemar mata da kejin tsuntsu, yana taya wata fasinja ɗaukar kaya. Ba shi da bindiga. Da ya shiga mashaya kuma, madara ya nema. Gari ya kwashe da dariya.

Amma Destry ba matsoraci ba ne. Ya iya harbi fiye da kowa a garin, ya kuma nuna musu sau ɗaya don su shiga taitayinsu. Dalilinsa na ƙin ɗaukar makami shi ne mahaifinsa, duk da bindigoginsa, ta baya aka harbe shi. Saboda haka shi da doka da bincike yake aiki, da kuma 'yan labarai na wani mutum da ya taɓa sani, waɗanda yake bayarwa a natse har abokin gaba ya rasa ta cewa. Marlene Dietrich ta fito a matsayin Frenchy, mawaƙiyar mashaya, kuma damben da ta yi da wata matar aure, wanda sai da Destry ya sheƙa musu bokitin ruwa suka rabu, har yau ana ba da labarinsa.

Fim ɗin bai yi wa mai kallo ƙarya ba. Da aka kashe tsohon da ya kira shi, Destry ya ɗaura bindiga. Amma matan gari ne suka yi gangami da muciya da sanduna suka mamaye mashayar, Frenchy kuma ta tare harsashin da aka nufe shi da shi, ta mutu. Ka sha dariya na fiye da awa guda, a ƙarshe ka ji idonka ya kawo ruwa. Ga duk saurayin da ke ganin mazantaka ita ce yawo da wuƙa a ƙugu, wannan fim yana da magana da shi.

MATSORACI DA MASHAYI

A 1948 Bob Hope ya fito a "The Paleface" a matsayin wani likitan haƙori da bai ƙware ba, matsoraci na ƙin ƙarawa. Jane Russell kuma ta fito a matsayin Calamity Jane, wadda hukuma ta fitar daga gidan yari don ta gano masu safarar makamai. Ta aure shi ne kawai don ta ɓoye aikinta. Duk lokacin da rikici ya tashi, shi zai rufe ido ya harba sama, ita kuma daga maɓoya ta kayar da abokan gaba. Gari ya ɗauka shi ne gwarzo, shi ma ya yarda! Da zai fita karon-batta da wani ɗan bindiga, mutane suka yi ta ba shi shawarwari kala-kala, ya tafi yana bitar su a hanya har suka cakuɗe masa gaba ɗaya. Waƙar fim ɗin, "Buttons and Bows", ta ci Oscar.

Sai "Cat Ballou" na 1965. Jane Fonda ce Catherine, malamar makaranta da ta dawo gida a Wyoming ta tarar wani kamfani na neman ƙwace gonar mahaifinta. Kamfanin ya yi hayar wani makashi mai hancin azurfa, ita kuma ta aika wa Kid Shelleen, gwarzon da ta karanta labarinsa a littattafai. Da ya iso sai ga wani tsohon mashayi, wando na zamewa, wanda aka ce ya harbi bangon rumbu ya kuskure. Lee Marvin ne ya yi rol ɗin biyu, makashin da mashayin, kuma da su ya ci Oscar na gwarzon ɗan wasa a 1966, ya kayar da manya irin su Laurence Olivier da Richard Burton. Da ya hau karɓar lambar ya ce rabinta na wani doki ne. Yana nufin dokin da aka nuna ya jingina da bango ya harɗe ƙafafu, shi ma kamar a buge, mai shi na kansa yana layi.

Wani abin burgewa a fim ɗin shi ne mawaƙa biyu, Nat King Cole da Stubby Kaye, da ke ɓullowa lokaci-lokaci da abin kiɗansu suna ba da labarin cikin waƙa, kamar dai masu gurmi a bakin kasuwa. Waƙar ba ta tsayar da labari, ita ce ma ke tura shi gaba. Cole ya mutu a Fabrairun 1965, kafin a saki fim ɗin. A 2008 cibiyar finafinai ta Amurka, AFI, ta sa "Cat Ballou" na 10 a jerin finafinan kaboyi mafi inganci.

GIDAN YARIN DA BA ƘARFE

Wanda ke son ganin yadda hankali ke kayar da ƙarfi, ya nemi "Support Your Local Sheriff!" na 1969, wanda Burt Kennedy ya ba da umarni. An tsinci zinare a cikin kabari ana tsakiyar jana'iza, gari ya cika da 'yan neman arziki, doka ta gudu. James Garner ya shigo a matsayin Jason, matafiyin da kullum yake cewa shi fa wucewa yake yi, Ostareliya za shi. Tsadar abinci ce ta sa ya karɓi aikin sherif. Da aka miƙa masa bajon aiki ya ga lotsawar harsashi a jiki, ya ce lallai wannan ya ceci ran mai shi. Magajin gari ya ce da ya cece shi, ba don sauran harsasan ba.

An gina sabon ɗakin tsare masu laifi, amma ƙarafunan ba su iso ba. Jason ya kama Joe Danby, ɗan gidan da kowa ke tsoro. Sai ya ja layi da alli a ƙasa, ya ɗiga jan fenti a gefe. Joe ya tambaya, wannan jan fa? Ya ce na wanda ya tsallake layin ne kafin kai. Wallahi Joe bai motsa ba! Da uban yaron ya zo ya ɗora masa bindiga a fuska, Jason sai ya cusa yatsa a bakin bindigar yana yi masa faɗa kamar ƙaramin yaro. Wani makashin haya kuma da jifa ya kore shi daga gari.

Daɗin abin ga wanda ya san finafinan kaboyi shi ne, Walter Brennan da ya fito a uban, shi ne ya yi irin wannan rol na mugun tsoho da gaske a "My Darling Clementine" na 1946. A nan kansa yake kwaikwayo. Kuma babu mai washe baki ko gwalo don a yi dariya. Kowa ya ɗauki abin da yake yi da muhimmanci, wannan ne ma ya sa abin ke ba da dariya.

TRINITY DA BAMBINO

Italiyawa sun shiga harkar kaboyi da ƙarfinsu bayan Sergio Leone ya yi "A Fistful of Dollars" a 1964. Sai "Django" na 1966, da ɗaruruwan irinsu, kowanne na ƙoƙarin fin na baya zubar da jini. Kafin 1970 'yan kallo sun fara gundura. Enzo Barboni, wanda shi ne ya riƙe kyamarar "Django", ya ce bari a gwada wata hanya. Ya ɗauko Mario Girotti da Carlo Pedersoli, waɗanda duniya ta sani da Terence Hill da Bud Spencer, ya yi "They Call Me Trinity".

Tun fitowar farko an san an zo da sabon abu. Jarumi na kwance yana barci a kan wani gado na sanduna, doki na jan sa a cikin hamada, ya yi butu-butu da ƙura, riga duk ta yage. Ya shiga gidan abinci ya share kaskon wake guda shi kaɗai, ya suɗe da burodi. Yana fita aka yi niyyar harbinsa ta taga, ya harbe mutum biyu ta baya ko waiwayawa bai yi ba. Ya isa gari ya tarar da wansa Bambino, ɓarawon dawaki, ya zama sherif na bogi bayan ya karya wa na ainihin ƙafa ya ɗauke bajonsa. Wani Manjo na son korar wasu manoma mabiya ɗariƙar Mormon, waɗanda addininsu ya hana su faɗa, daga kwarinsu. 'Yan'uwan biyu suka tsaya musu, kowa da tasa manufar: ƙanin don 'yan mata, wan don dawakin Manjo.

Babban faɗan ƙarshe babu bindiga a ciki. Mari ne da naushi da dundu, musamman dundun nan na Bud Spencer da yake saukewa a tsakar ka, mutum ya sulale. An tsara faɗan kamar rawa, kowane duka da sautinsa, kuma kowa na tashi ya karkaɗe riga. Ƙaton nan da ake gani fa tsohon zakaran ninƙaya ne: shi ne Ba'italiye na farko da ya yi mita 100 a ƙasa da minti guda, ya kuma wakilci ƙasarsa a gasar Olamfik ta 1952 da ta 1956. Ya mutu a 2016. Kashi na biyu, "Trinity Is Still My Name" na 1971, ya ma fi na farko kasuwa, yana cikin finafinan da suka fi tara 'yan kallo a tarihin silimar Italiya. A ciki ne Trinity ke zaro bindiga, ya mai da ita, ya mari wani ɗan caca, ya sake zarowa, tun kafin mutumin ya kai hannu ƙugu.

DARIYAR DA TA TONA ASIRI

"Blazing Saddles" na Mel Brooks, wanda ya fito a 1974, shi ne mafi tsaurin ido a cikinsu. Layin dogo zai ratsa garin Rock Ridge, wani babban jami'in gwamnati na son mutanen su watse ya mallake filin. Dabararsa ita ce ya sa gwamna ya naɗa musu baƙar fata a matsayin sherif, don ya san ba za su jure ba. Aka ɗauko Bart, leburan jirgin ƙasa da ke jiran rataya. Cleavon Little ne ya yi rol ɗin. Gari ya shirya tarba da kaɗe-kaɗe, da suka ga fuskarsa sai kowa ya zaro bindiga. Yaya zai yi? Sai ya ɗora wa kansa bindiga a wuya, ya canza murya, ya yi garkuwa da kansa, mutanen gari suka ja da baya don kada a kashe shi!

Duk fim ɗin haka yake tafiya: Bart da abokinsa Jim, wato Gene Wilder, su ne masu hankali, masu wariyar kuma su ne wawaye. Da rundunar 'yan ta'adda ta taso, sai aka kafa musu tolget a tsakiyar hamada, fili fetal hagu da dama, amma suka ja birki suka aika a kawo musu canji. A ƙarshe mutanen gari ba su tsira ba sai da suka amince za su ba leburori baƙaƙe da 'yan Sin da 'yan Ayalan filaye su zauna tare. Richard Pryor, fitaccen ɗan barkwanci baƙar fata, yana cikin marubutan fim ɗin, kuma shi Brooks ya so ya ja ragamar, kamfanin Warner ya ƙi. An kashe kimanin dala miliyan 2.6, fim ya kawo fiye da dala miliyan 100. A 2006 aka sa shi a kundin finafinan da Amurka ke adanawa don tarihi.

Shekaru da dama finafinan kaboyi na gaske suna nuna yammacin Amurka kamar babu baƙar fata a can. Alhali akwai irin su Bass Reeves, wanda aka haifa cikin bauta a 1838, ya zama jami'in tsaro na tarayya, ya shafe fiye da shekara 30 yana kama masu laifi. Fim ɗin barkwanci ne ya fito ƙarara ya nuna wa jama'a wannan giɓi.

INDA SUKA YI TUNTUƁE

Kowane allazi da nasa amanu. "The Paleface" ya nuna 'yan asalin ƙasar, waɗanda ake ce wa Jajayen Indiyawa, a matsayin abin harbi da abin dariya, alhali su ne aka ƙwace wa ƙasa. "McLintock!" na John Wayne, na 1963, ya ƙare da miji na dukan matarsa a bainar jama'a, wai shi ne abin dariyar. "Blazing Saddles" kuwa cike yake da zagi da kalmomin ƙasƙanci da maganganun batsa. An sa kalmomin wariyar ne a bakin miyagu da wawaye don a tozarta su, amma duk da haka ba fim ne da za a kunna a falo gaban iyaye da ƙanne ba. Shaye-shaye ma ya yi yawa a kusan dukkansu. Mai kallo sai ya sa rariya, ya tace.

ABIN DA YA SHAFI GIDA

Maganar ba ta tsaya a ƙetare ba. A 1966 Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar ya yi "Le Retour d'un aventurier", labarin wani saurayi da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sauya sunaye, suka hau dawaki, suka addabi ƙauye da sata da faɗa, dattawa suka rasa yadda za su yi da su. Zalika Souley da Djingarey Maïga na cikin 'yan wasan. Tun kafin "Trinity", tun kafin Mel Brooks, wani ɗan Nijar ya riga ya yi wa kaboyi shaguɓe, ya kuma yi tambayar da har yau ake yi: me fim ɗin waje ke yi wa ƙwaƙwalwar matashi? Masoya finafinan Indiya kuma su tuna "Sholay" na 1975 a kan tsarin kaboyi aka gina shi, kuma ba don shugaban gidan yarin nan mai gashin baki da sin ɗin Dharmendra a kan tankin ruwa ba, da zafin Gabbar ya yi wa mai kallo yawa.

Masu shirya finafinan barkwanci na Hausa na da abin ɗauka a nan. Baiwa dai akwai ta. Marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya nuna da irin su "Ibro Awilo" da "Ibro Usama" cewa Bahaushe ya iya ɗauko abin da duniya ke ji da shi ya juya shi ya zama raha. Matsalar da ta daɗe tana damun camama ita ce a tara 'yan wasa a lokeshin babu rubutaccen labari, a ce kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa, a gama cikin kwana biyu. Duk finafinan da aka lissafa a sama, idan ka cire dariyar, labarin zai tsaya da ƙafarsa: marainiya da gadonta, gona da kamfani, gari da azzalumi. Akwai abin da za a rasa idan jarumi ya faɗi, shi ya sa mai kallo ke damuwa da shi. Kuma sun kashe kuɗi a kan hoto da kiɗa da kayan sawa daidai da finafinan da suke kwaikwaya. Ba a raina barkwanci an ba shi ragowar kasafi ba.

Na biyu, su lura da wanda ake yi wa dariyar. A mafi kyawun waɗannan finafinai, mai ƙarfi ne ke shan kunya: ɗan caca mai gari, Manjo mai dawaki, jami'i mai haɗama, gwamna sakarai. Dariyar da ake yi wa gurgu ko mai in'ina ko baƙauye tana da arha, kuma ba ta daɗewa.

Ga wanda zai fara, ya fara da "They Call Me Trinity", don ko ba ka jin Turanci za ka bi shi. Daga nan "Way Out West" da "Support Your Local Sheriff!", sai "Destry Rides Again" idan an shirya wa abin da ya fi nauyi. Masu fassara finafinai zuwa Hausa ma da za su waiwayi wannan taska, da sun ga kasuwa. A tambayi baba ko kawu labarin Trinity a ga yadda fuskarsa za ta washe.

Sai wata mai zuwa, idan Allah ya kai rai.